Tambayoyi da Amsoshi Kan Gina CMake da Girka Shi a Linux, Windows da macOS

Waɗannan tambayoyi su ne suke ta maimaituwa a bakin masu koyon rubuta manhaja da C da C++ a nan Jos: ɗaliban Jami'ar Jos da aikin kammala karatu ya matsa wa lamba, da matasan da ke koyo da kansu a Anguwan Rogo, Rikkos, Gangare da gefen Bauchi Road. Yawancinmu kwamfutar hannu muke riƙe da ita, data a ƙididdige take, wuta kuma ba ta da alkawari. Da wannan hali a zuciya na rubuta amsoshin. Duk inda ka ga rubutu cikin `irin wannan salo`, umarni ne ko saƙon kwamfuta, kuma yadda yake haka za a buga shi.

Mene ne CMake, kuma me ya sa kusan duk manhajar da na sauko da tushenta take nemansa?

Manhajar da aka rubuta da C ko C++ takan ƙunshi fayilolin rubutu da yawa, waɗanda ake kira tushe, wani lokaci ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Kowanne sai an juya shi zuwa harshen inji, sannan a haɗe su wuri guda tare da laburarorin da suka dogara a kai. Wannan aiki shi ake kira gini. Matsalar ita ce kowace babbar manhaja tana da nata kayan ginin: Linux na da `make` da GCC, Windows na da Visual Studio, Mac na da Xcode. A da, mai manhaja sai ya rubuta tsarin gini daban domin kowanne. Da CMake, fayil ɗaya yake rubutawa mai suna `CMakeLists.txt`, shi kuma CMake ya duba kwamfutar da ya samu kansa a ciki ya fitar da tsarin da ya dace da ita.

Kamfanin Kitware da ke jihar New York ta Amurka ne ya fara shi a shekarar 2000, ƙarƙashin jagorancin Bill Hoffman, domin gina ITK, wata manhajar nazarin hotunan asibiti da Babban Laburaren Kiwon Lafiya na Amurka ya ɗauki nauyinta. Ya samu karɓuwa sosai bayan KDE, masu yin fuskar kwamfuta ta Linux, ta koma kansa a 2006. Daga baya LLVM ta bi sahu, Qt 6 ma da ta fito a 2020 da shi ake gina ta, haka OpenCV da Blender. Tushensa a buɗe yake ƙarƙashin lasisin BSD, don haka ba ka biyan ko sisi, kuma kana da ikon karanta shi, gyara shi, da raba shi.

Malam, na girka CMake amma ya ce `No CMAKE_CXX_COMPILER could be found`. Ba shi ne ke yin ginin ba?

A'a, kuma wannan ruɗanin shi ne tushen rabin matsalolin da ake kawo mini. CMake kamar mai zanen gida yake: ya auna fili, ya fitar da taswira, ya rubuta abin da za a fara da abin da zai biyo baya. Ɗora bulo kuwa aikin magina ne, wato kwamfaila (manhajar da ke juya fayilolin tushe zuwa harshen inji) da `make` ko Ninja. Idan babu su a kwamfutarka, zane kawai za ka samu, shi ma ba zai kammalu ba, domin abu na farko da CMake ke yi shi ne gwada kwamfailarka da ɗan ƙaramin shiri ya ga ko tana aiki.

A Ubuntu, Debian da Linux Mint, `sudo apt install build-essential` zai kawo maka kwamfailar GCC da `make` gaba ɗaya. A Fedora, `sudo dnf install gcc-c++ make`. Masu Windows da Mac su duba nasu amsoshin a ƙasa. Bayan ka girka kwamfaila, goge foldar ginin da ta gaza ka sake daga farko, saboda CMake yana ajiye abin da ya gano a fayil ɗin `CMakeCache.txt`.

Dole ne sai na gina CMake daga tushe?

Ba dole ba ne, kuma mafi yawan masu yin hakan ba su da buƙatarsa. Shawarata a bayyane take: fara da na ma'ajiyar babbar manhajarka. Idan ya tsufa, ɗauki ginannen da Kitware ke fitarwa. Sai waɗannan biyu sun gaza ka juya ga tushe. Ina ganin takaicin ɗalibin da ya ƙone cajin yini guda yana gina abin da zai iya saukewa a shirye cikin mintuna kaɗan, alhali ainihin aikinsa yana jiransa.

Akwai dai lokutan da gini daga tushe ya zama shi ne hanya. Idan kwamfutarka tsohuwa ce mai bit 32 kana kuma kan Linux, Kitware ya daɗe da daina fitar mata da ginanne. Haka idan kana kan wani tsari da ba a cika amfani da shi ba, ko kana son gyara wani abu a cikin CMake ɗin kansa. Dalili na ƙarshe, wanda nake girmamawa ƙwarai, shi ne koyo. Wanda ya taɓa gina babbar manhaja da hannunsa, ya karanta saƙonnin kuskure ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ba ya sake jin tsoron tagar umarni (terminal). In wannan ce niyyarka, bismillah, amma ka yi shi ranar da babu wa'adin aiki a wuyanka.

Wace siga ce ke zuwa da Ubuntu, kuma me zan yi idan aikin ya ce ta yi masa tsufa?

Ubuntu 20.04 na zuwa da CMake 3.16, 22.04 da 3.22, 24.04 kuma da 3.28. Debian 12 na da 3.25. Waɗannan lambobi ba sa ƙaruwa ko ka yi `apt upgrade` sau nawa, domin manufar irin waɗannan fitowar ita ce kada abubuwa su riƙa canzawa a ƙarƙashin mai aiki. Buga `cmake --version` ka ga naka, sannan ka buɗe `CMakeLists.txt` na aikin ka nemi layin `cmake_minimum_required`, wanda yawanci a saman fayil yake. Lambar da ke wurin ita ce mafi ƙarancin abin da aikin zai karɓa.

Idan naka bai kai ba, hanyoyi huɗu ne a gabanka kafin ka kai ga tushe. Kitware na da tasa ma'ajiyar apt domin Ubuntu, wadda ke ba ka sabuwar siga kuma ta ci gaba da sabunta ta. Akwai `sudo snap install cmake --classic`. Akwai `pip install cmake`, sai dai a Ubuntu 24.04 da Debian 12 pip zai ƙi girkawa kai tsaye sai a cikin keɓaɓɓen muhallin Python ko ta `pipx`. Ta huɗu, wadda ni na fi so saboda ba ta taɓa komai a tsarinka, ita ce sauke ginannen `tar.gz`, ka warware shi a cikin foldarka ta gida, ka ƙara `bin` ɗinsa a PATH kamar yadda aka bayyana a tambayar PATH.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ka yi saurin buga `apt remove cmake` don ka share wa sabon fili. Masu aikin mutum-mutumi da ROS su ne suka fi shan wahalar wannan, domin ƙunsoshin ROS da yawa sun dogara da CMake na tsarin, kuma apt zai kwashe su tare da shi. Tsoho da sabo suna iya zama a kwamfuta ɗaya lafiya lau.

Fayiloli sun yi yawa a wurin saukewa. Wanne ne nawa?

Duba sunan da kyau. Wanda ke ɗauke da lamba kaɗai, kamar `cmake-3.31.6.tar.gz`, shi ne tushe. Wanda ke da ƙarin `linux-x86_64`, `linux-aarch64`, `windows-x86_64` ko `macos-universal`, ginanne ne. A Linux, `uname -m` zai gaya maka irin injinka. Tushen bai fi megabayit goma da 'yan kai ba, ginannen Linux kuma ya ninka shi kusan sau biyar, wanda shi ne ke jan masu tattalin data zuwa ga tushe. Amma ka lissafa da cajin batirin da ginin zai ci.

Tushen yana zuwa kala biyu, `tar.gz` da `zip`, kuma ba ɗaya suke ba. Na `zip` an yi shi da irin ƙarshen layin Windows. Idan ka warware shi a Linux, `bootstrap` zai ƙi tashi da saƙo mai ɗauke da `^M` da `bad interpreter`. Ga mai Linux ko Mac, `tar.gz` kawai.

Da yake netwok na yawan yankewa, yi amfani da `wget -c`, wanda ke ci gaba daga inda aka tsaya. Sannan sauke ɗan ƙaramin fayil ɗin `SHA-256.txt` na wannan sigar, ka ajiye shi a folda ɗaya, ka buga `sha256sum -c --ignore-missing` tare da sunansa. In ya ce `OK`, fayil ɗin cikakke ne.

An ce da CMake ake gina CMake. To ta ina wanda ba shi da shi zai fara?

Ta hanyar wani rubutun umarni da ke cikin tushen mai suna `bootstrap`. Aikinsa mataki biyu ne. Da farko yana amfani da kwamfailarka kai tsaye ya gina ƙaramin CMake mara ƙawa a cikin folda mai suna `Bootstrap.cmk`. Sannan wannan ƙaramin ya karanta `CMakeLists.txt` na CMake ɗin kansa ya fitar da cikakken tsarin gini. Abin da ake buƙata shi ne kwamfaila mai fahimtar C++11, da `make`, da kayan OpenSSL, laburaren da ke tsare sadarwa ta `https`, da za a yi magana a kansu a tambaya ta gaba. Ga yadda nake koyar da shi:

```
tar xf cmake-3.31.6.tar.gz
mkdir gini && cd gini
../cmake-3.31.6/bootstrap --prefix=$HOME/.local/cmake-3.31 --parallel=2 -- -DCMAKE_BUILD_TYPE=Release -DBUILD_TESTING=OFF
make -j2
make install
```

Lura da abubuwa uku. Foldar `gini` tana waje da tushen, don haka in abu ya lalace, ita kaɗai za ka goge. Alamar `--` da ke zaune ita kaɗai a tsakiyar umarni na uku tana raba zaɓuɓɓukan `bootstrap` da waɗanda za a miƙa wa CMake. `BUILD_TESTING=OFF` kuma yana hana gina gwaje-gwajen da masu raya CMake ne kawai ke buƙata, wanda ke rage lokaci. Idan `bootstrap` ya tsaya da kuskure, cikakken bayanin yana cikin `Bootstrap.cmk/cmake_bootstrap.log`, kuma layukan ƙarshe na wannan fayil ne ya kamata ka nuna wa duk wanda kake neman taimakonsa.

Idan kana da tsohon CMake da bai yi nisa sosai ba, kana iya tsallake `bootstrap` ka gina sabon da shi kamar kowane aiki: `cmake -S cmake-3.31.6 -B gini`, sai `cmake --build gini`.

Ya tsaya yana cewa `Could not find OpenSSL`, alhali na duba akwai OpenSSL a kwamfutata.

Abin da kake da shi shi ne ɓangaren da manhajoji ke aiki da shi. Gini yana buƙatar ɗaya ɓangaren, mai ɗauke da fayilolin kai na `.h`, wanda a Linux ake raba shi a ƙunshi daban. A dangin Debian sunansa `libssl-dev`, a Fedora `openssl-devel`. Wannan ƙa'ida ce da za ta bi ka har ƙarshen aikinka: duk laburaren da gini ya ce bai gani ba, nemi mai `-dev` ko `-devel` a ƙarshen suna.

Saƙon kuskuren da kansa yana ba ka wata mafita, wato `-DCMAKE_USE_OPENSSL=OFF`. Ginin zai wuce, amma CMake ɗin da zai fito ba zai iya sauke komai ta `https` ba. Ayyuka da yawa a yau suna jawo laburarorinsu daga intanet a lokacin tsara gini, kuma ranar da ɗayansu ya gaza, da wuya ka tuna cewa wannan zaɓin ne sanadi. Girka `libssl-dev` ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Haka kuma, idan kana son `ccmake`, wanda ke nuna zaɓuɓɓuka a cikin tagar umarni, girka `libncurses-dev` kafin `bootstrap`. Mai son `cmake-gui` sai ya ƙara `--qt-gui`, kuma sai yana da kayan ginin Qt.

Me ya sa ba ka sa `sudo make install` ba kamar yadda kowa ke rubutawa?

Domin na zaɓi wurin girkawa a cikin foldar gida, inda ba a buƙatar izinin shugaba. Idan ba ka ba da `--prefix` ba, komai zai tafi `/usr/local`, ya watsu a `bin`, `share` da `doc`, ya gauraya da na sauran manhajojin da ka taɓa girkawa ta wannan hanya. Zai yi aiki, amma apt bai san da zamansa ba, kuma cire shi sai da lissafi. Idan kuwa kowace siga tana da foldarta, kamar `~/.local/cmake-3.31`, cirewa goge folda ɗaya ne, kuma kana iya riƙe siga biyu ko uku a lokaci guda, abin da zai yi maka rana idan ka karanta tambayar CMake 4.

Wannan ita ce kuma hanya ɗaya tilo ga mai aiki a kwamfutar ɗakin gwaji na makaranta ko sabar wurin aiki, inda ba a ba shi `sudo` ba. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne `--prefix=/usr`. Wannan yankin na mai kula da ƙunsoshin tsarin ne, kuma rubutu a kansa yana haifar da rikicin da ba ya bayyana sai ranar sabuntawa.

Na gama girkawa, amma `cmake --version` tsohuwar lamba yake nunawa. Ko ginin bai yi ba ne?

Ya yi. Matsalar PATH ce, wato jerin foldojin da tagar umarni ke bi ɗaya bayan ɗaya tana neman shirin da ka kira, kuma na farkon da ta samu shi take ɗauka. Buga `which -a cmake` ka ga duk waɗanda ke akwai a jere. Don sa naka a gaba, ƙara wannan layi a ƙarshen `~/.bashrc`, ko `~/.zshrc` ga mai Mac: `export PATH=$HOME/.local/cmake-3.31/bin:$PATH`. Sai ka rufe tagar ka buɗe sabuwa. Idan a `/usr/local` ka girka kuma har yanzu tsohon ke fitowa, bash ne ke tuna tsohon wurin, `hash -r` zai mantar da shi.

Ka sani kuma `sudo` yana da tasa PATH ɗin dabam, don haka `sudo cmake` na iya ɗauko tsohon ko da kai kana ganin sabo. VS Code da Qt Creator su ma kowanne na da wurin da ake nuna masa CMake ɗin da zai yi amfani da shi.

RAM ɗina gigabayit 4 ne. Ana cikin gini sai na ga `Killed signal terminated program cc1plus`.

RAM ce ta ƙare, Linux ya kashe kwamfailar don ya ceci sauran tsarin. Lambar da ke bayan `-j` ita ce yawan fayilolin da ake juyawa a lokaci guda, kuma kowanne na cin nasa kason. Rage zuwa `make -j1` ko `-j2`, ka rufe burauza, wadda sau da yawa ita ce ta cinye rabi. Kada ka taɓa buga `make -j` babu lamba, domin ma'anarsa babu iyaka. Ba sai ka koma farko ba, `make` zai ɗora daga inda ya tsaya.

Idan hakan bai isa ba, ƙara wurin musanya a kan faifai: `sudo fallocate -l 4G /swap2`, sai `sudo chmod 600 /swap2`, `sudo mkswap /swap2`, `sudo swapon /swap2`. Zai yi nawa, musamman a faifai mai juyawa, amma zai kai. Sanyin Jos yana taimaka wa inji, sai dai ƙurar hunturu na toshe fanka. Kwamfutar da ke mutuwa gaba ɗaya a tsakiyar gini ba tare da wani saƙo ba, yawanci zafi ne, a kai ta wurin masu gyara na wajen Ahmadu Bello Way a busa mata fanka. A kan tebur ake gini, ba a kan katifa ba.

An ɗauke wuta, batir ya mutu ana tsakiyar `make`. Sai na fara daga farko?

Shiga foldar `gini` ka sake buga `make`. Yana duba lokacin da aka rubuta kowane fayil ya tsallake waɗanda aka gama. Haɗarin kawai shi ne fayil ɗin da ake cikin rubutawa lokacin da injin ya mutu, wanda zai iya zama rabi ko fanko amma `make` ya ɗauka cikakke ne. Alamarsa ita ce kuskure a matakin haɗawa na ƙarshe, mai cewa `file truncated` ko `file format not recognized` game da wani fayil mai `.o`. Goge wannan fayil ɗin kaɗai ka ci gaba. Idan ka ga batir na shirin ƙarewa, danna Ctrl da C da kanka, domin a wannan hali `make` yana share abin da bai kammala ba.

Mene ne `Clock skew detected`?

Agogon kwamfutarka ne ya koma baya, har `make` ya ga fayilolin da a ganinsa an rubuta su a lokacin da bai zo ba tukuna. Sanadi biyu ne suka fi yawa a wurinmu. Na farko, ƙaramin batirin agogo na cikin kwamfutocin hannu ya mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kashe. Na biyu ya shafi masu Windows da Linux a inji ɗaya: Windows na ɗaukar agogon inji a matsayin lokacin gida, Linux na ɗaukarsa a matsayin lokacin duniya na UTC, Najeriya kuma tana gaban UTC da awa ɗaya, sai agogo ya riƙa tsalle da awa guda duk sanda ka sauya.

Gyara da `sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos` da `sudo timedatectl set-ntp true`. Mai tsari biyu zai iya ƙara `sudo timedatectl set-local-rtc 1`. Bayan agogo ya daidaita, fara ginin a sabuwar folda. Agogon da ya kauce sosai yana hana `wget` da `apt` aiki ma, saboda takardun shaidar `https` suna da ranar farawa da ranar ƙarewa.

A Windows fa, ta yaya ake yi?

Sauke fayil mai `.msi`, kuma a lokacin girkawa ka zaɓi a ƙara CMake a PATH. Ko ka buga `winget install Kitware.CMake`. Wahalar Windows ba a CMake take ba, a kwamfaila take, domin Windows ba ya zuwa da ko ɗaya. Hanyar Microsoft ita ce Visual Studio ko Build Tools ɗinsa, tare da ɓangaren `Desktop development with C++`. Nauyinsa gigabayit da yawa ne, don haka nemi wurin da ke da wayfai. Tun daga Visual Studio 2017 yana zuwa da nasa CMake a ciki. Idan za ka yi aiki daga tagar umarni da Ninja ko NMake, buɗe `x64 Native Tools Command Prompt`, domin a nan ne ake ganin kwamfailar `cl`.

Wani bambanci da ke rikita waɗanda suka saba da Linux: tsarin da CMake ke fitar wa Visual Studio yana ɗauke da Debug da Release a tare, kuma a lokacin gini ake zaɓa, da `cmake --build gini --config Release`. `CMAKE_BUILD_TYPE` ba ya tasiri a wurin. Sannan ajiye ayyukanka a gajeren wuri kamar `C:\aiki`, saboda tsohuwar iyakar Windows ta haruffa 260 a tsawon hanyar fayil har yanzu tana kama mutane.

Ba ni da datar Visual Studio. Akwai mai sauƙi?

Akwai MSYS2, wanda ke kawo GCC zuwa Windows kuma ya fi sauƙin nauyi sosai. Buɗe tagarsa ta UCRT64 ka buga `pacman -S mingw-w64-ucrt-x86_64-gcc mingw-w64-ucrt-x86_64-cmake mingw-w64-ucrt-x86_64-ninja`. Ka kula da wannan dogon sunan, domin akwai wani ƙunshi mai suna `cmake` kawai, wanda na gina kayan MSYS2 ɗin kansa ne, ba manhajojin Windows ba. Idan kana haɗa CMake na `.msi` da GCC sai ka ga ƙorafi game da `nmake`, ƙara `-G Ninja` ko `-G "MinGW Makefiles"`. A cikin MSYS2 ɗin ne kuma `bootstrap` ke aiki ga mai son gina CMake daga tushe a Windows.

Ɗaya hanyar ita ce WSL, wato Linux a cikin Windows, inda duk amsoshin Linux na sama suke aiki yadda suke. Sai dai abin da ka gina a can manhajar Linux ce, ba `.exe` ba. Ajiye aikin a foldar gida ta Linux ɗin, domin gini a ƙarƙashin `/mnt/c` yana da nawa ƙwarai a WSL 2.

Malam, ni MacBook gare ni, kuma ban taɓa buɗe tagar umarni ba sai bana.

Naki ya fi na kowa sauƙi. Ki fara da `xcode-select --install`, wanda zai kawo kwamfailar Clang da `make` ba tare da cikakken Xcode ba. Sai `brew install cmake` idan kina da Homebrew. A injunan da ke da M1 zuwa sama, waɗanda Apple ya fara fitarwa a 2020, Homebrew na zama a `/opt/homebrew`, a masu Intel kuma `/usr/local`, don haka ki bi umarnin da yake nunawa a ƙarshen girkawarsa na ƙara shi a PATH. Idan fayil ɗin `.dmg` kika ɗauka, ja shi zuwa Applications bai isa ba, sai kin ƙara `/Applications/CMake.app/Contents/bin` a PATH kamar yadda aka nuna a sama.

Waya kawai gare ni. Zan iya koyo?

Sosai kuwa, idan Android ce. Girka Termux, ka buga `pkg install clang make cmake`, kuma ka samu duk abin da ake buƙata don gina ƙananan ayyukan C++. Yi aikin a foldar gida ta Termux, domin Android ba ya barin a kunna shiri daga ma'ajiyar waya ta gama-gari. Kada ka ce za ka gina CMake daga tushe a waya, ginanne yana nan.

Ina ruwan Ninja a cikin wannan magana?

Ninja madadin `make` ne. Stuart Feldman ya rubuta `make` a 1976 a Bell Labs don mutane su riƙa rubuta masa dokoki da hannu. Evan Martin kuma ya rubuta Ninja lokacin da yake aiki a kan burauzar Chrome a Google, da nufin inji irin CMake ne zai riƙa rubuta masa dokokin, shi dai ya yi sauri. Ana ganin bambancin a babban aiki idan ka canza fayil ɗaya ka sake gini. Sunan ƙunshinsa a Ubuntu `ninja-build`, kuma ana zaɓarsa da `cmake -S . -B gini -G Ninja`. Yana kunna ayyuka da yawa a tare ba tare da an ce masa ba, don haka mai ƙaramar RAM ya koma tambayar gigabayit 4, ya kuma riƙa buga `cmake --build gini --parallel 2`.

Na girka sabuwar siga, sai wani tsohon aiki ya ce `Compatibility with CMake < 3.5 has been removed`.

CMake 4.0 da ya fito a Maris na 2025 ya daina karɓar ayyukan da suka rubuta lamba ƙasa da 3.5 a layin `cmake_minimum_required`. Tsofaffin laburarori da yawa da ake amfani da su a ayyukan ɗalibai suna cikin wannan rukuni. Mafita ta gaggawa ita ce ƙara `-DCMAKE_POLICY_VERSION_MINIMUM=3.5` a umarnin tsarawa, wanda ke sa CMake ya gwada, kuma sau da yawa yana wucewa. Idan aikin naka ne, ɗaga lambar ka gwada ginin. Idan na wasu ne kuma ya ƙi, riƙe siga ta 3.31 a gefe dominsa. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya bi sabuwar siga don kawai sabuwa ce. Sigar da aikinka ya nema ita ce daidai.

Zan iya kwafa wa abokina a filash don kada shi ma ya kashe data?

Ƙwarai, kuma abu ne mai kyau a ɗabi'antu da shi a tsakanin 'yan aji ɗaya. Amma ba shi fayil ɗin `tar.gz` yadda ka sauke shi, kada ka ba shi warwararriyar folda, domin filash mai FAT32 ko exFAT ba ya riƙe alamar izinin kunnawa ta Linux. Idan wanda ka gina ne za ka ba shi, dunƙule dukan foldar da ka girka a ciki da `tar`, kuma ku tabbata tsarinku iri ɗaya ne. Ɗaukar fayil ɗin `cmake` shi kaɗai yana jawo `Could not find CMAKE_ROOT`, domin yana neman foldar `share` da ke kusa da shi, inda ɗaruruwan fayilolin taimakonsa suke.

Foldar gini kuwa ba a kwafar ta zuwa wata kwamfuta, ko ma zuwa wani wuri a kwamfuta ɗaya, saboda `CMakeCache.txt` yana riƙe da cikakkiyar hanyar inda aka haife shi. A goge ta a sake. Daga siga 3.24 zuwa sama, `cmake --fresh -S . -B gini` yana share ajiyar ya sake tsarawa.

Yaya zan cire wanda na gina idan na gama da shi?

Idan ka bi shawarar `--prefix` ta sama, goge foldar `~/.local/cmake-3.31` ka cire layin da ka ƙara a `~/.bashrc`. Idan a `/usr/local` ka zuba shi, koma foldar ginin, za ka ga fayil mai suna `install_manifest.txt` mai ɗauke da jerin duk abin da aka girka. Karanta shi tukuna, sannan ka buga `sudo xargs rm < install_manifest.txt`. Wannan fayil yana fitowa a kowane aikin da aka girka ta CMake, don haka ko za ka goge foldar gini don samun wuri a faifai, kwafe shi ka ajiye a gefe.

Wanda ya riga ya goge foldar sai ya bi da hannu: `cmake`, `ctest`, `cpack` da `ccmake` a `/usr/local/bin`, foldar `cmake-3.31` a `/usr/local/share`, da takwararta a `/usr/local/doc`. Bayan haka buga `hash -r`, sannan `which -a cmake`, ka tabbata na tsarin ne kaɗai ya rage.